Gishirin da Ya Shiga Makinar Abu Turki

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a ɗakinmu na unguwar Al-Shifa a nan Riyad ana jiran shinkafa ta tsotse, sai wani cikin samarin nan da suka zo bana ya miƙa hannu ya ɗauki makinar da nake gyarawa. Ya murɗa hannunta, ya kara a kunne, ya ce, "Kawu Tsahiru, don Allah wai wannan ma sana'a ce? A ba ni sukudireba da waya mai data, kafin la'asar na ƙware." Aka yi dariya. Wani ya ƙara da cewa shi abin da ke ɗaure masa kai, garin da ko kogin kirki babu, a ce mutum ya yi furfura yana gyaran kayan kamun kifi. Ban tanka ba don akwai baƙi a ɗakin, amma raina ya ɓaci, kuma har yau bai huce ba. Tunda bakinku ya fi nawa sauri, bari in rubuta muku, ku karanta a wayar taku.

Gaskiya ne Riyad ba ta da teku. Amma ku tsaya a hanyar Dammam, garin bakin teku, ranar Alhamis da yamma ku ga motocin da ke fita, sanduna ɗaure a samansu. Mutum zai yi doguwar tafiya cikin rairayi don ya tsaya a bakin ruwa kwana ɗaya tak. Abin da yake riƙe da shi a can sanda ce da makina, wato ƙaramin injin nan da ake ɗaura wa sandar fatsa yana naɗe zare yana sakinsa. In makinar ta cije masa a can, ba shi da wata, ba shi da mai gyara, hutunsa ya tashi a banza, kuma sunan wanda ya taɓa ta ƙarshe zai riƙa ambata har ya dawo gida. Baƙo a ƙasar nan ba shi da gona, ba shi da dangin da za su tsaya masa. Aikinsa ke riƙe da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, sunansa ke riƙe da aikin. Ni sunana ya kai inda ake tasowa daga Dir'iyya, a ƙetare shaguna da yawa, a zo shagon kafilina Abu Nasir, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana, ana tambayar teburin mu'allim Tahir, don haka Larabawa ke kirana. Wannan sunan da wannan teburin su ne dukiyata, kuma akwai shekarar da aka raba ni da su.

Makinar farko da na gani a buɗe, a gaban Ammu Salim na gan ta. Dattijo ne ɗan Yaman, mutumin bakin teku, siriri mai faɗan tsiya, shi ke da teburin kafin ni. Shagon na kayan fita sahara ne, tantuna da shimfiɗu da butocin shayi, sai kusurwa guda ta kayan kifi. Ni dako aka kawo ni yi. Da ya ji cewa ɗan masunta ne ni daga Madarunfa, a bakin tafki na tashi, sai ya zube mini wani tulin zare da ya cukurkuɗe, ya ce in warware, kada in kuskura in yanka. Na warware. Washegari ya kawo wani. Haka muka yi ta yi har sanyi ya wuce zafi ya shigo, ko sukudireba bai bari na taɓa ba. Ranar da na yi ƙorafi ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ya Tahir, in ka gaji da zare ka sa wuƙa, gobe za ka gaji da ƙusa ka sa guduma. Ba zan ba ka kayan mutane ka huce haushi a kai ba." Ku da kuke son ƙwarewa kafin la'asar, da Ammu Salim ya kore ku tun kafin azahar.

Da ya yarda na fara buɗewa, sai ya shimfiɗa mini farin tawul. Duk abin da na cire, in jera shi daga dama zuwa hagu yadda ya fito, in mayar da shi daga hagu zuwa dama. A cikin makina guda akwai boris ƙanana kamar ƙwayar wake, akwai giya mai haƙora, akwai wani sifirin da bai fi gashin ido kauri ba, wanda in ya tsalle daga hantsaki to ka yi sallama da shi, kuma ba a sayar da shi a Riyad. Kayan aikina ba su da yawa: sukudirebobi ƙanana, hantsaki, tsohon buroshin haƙori, auduga, sai mai iri biyu. Mai ruwa-ruwa na boris ne, ɗigo guda ya isa. Mai kauri na haƙoran giya ne, shi ma shafawa ake yi, ba cusawa ba. Mu mutanenmu mun ɗauka duk ƙarfen da ke motsi, yawan mai ne gatansa. A garin nan kuwa yawan mai gayyatar ƙura ce. Ta shiga ta haɗu da shi su zama kamar kunun yashi, su cinye haƙoran cikin wata kaɗan. Ranar da iska ta taso gari ya yi ja, ba na buɗe makina ko sarki ne ya kawo ta.

Wani mutum ya taɓa shigowa da 'ya'yansa, ya ce a ba shi sanda mafi ƙarfi a shagon. Na tambaye shi ina za shi. Ya ce Wadi Hanifa, nan bayan gari, inda ake kama karfasa da tarwaɗa. Sandar da ya nuna ta cikin jirgin ruwa ce, ta jan kifin da ya kai girman ɗan akuya. Na ce masa da wannan ko karfasa ta haɗiye ƙugiya ta yi barci a kai ba zai ji ba. Ya ce shi dai mai tsadar yake so. Na ce to ya saya a wani shagon. Abu Nasir ya harare ni daga bayan kanta, amma mutumin ya tsaya, ya karɓi siririyar da na miƙa masa. Zaɓen sanda ba a fara shi daga sanda, daga ruwan da za ka da kifin da kake nema ake farawa. Sannan ka riƙe ta, ka jingina bakinta a ƙasa a hankali ka ga inda take lanƙwasa. Wadda bakinta kaɗai ke rusunawa tana kafa ƙugiya da sauri. Wadda ke lanƙwasa har tsakiya ta fi yafiya, ba ta fizge ƙugiya daga bakin kifi. Zaren ma da nauyinsa, makinar ma da girmanta. In ɗaya ya fi ƙarfin sauran, mai raunin ne zai karye, kuma a lokacin da kifin kirki ya kama yake karyewa.

Waɗanda suka fi ba ni aiki su ne Larabawan da suka yi karatu a Amurka. A can suka koyi kama wani kifin tafki da suke kira bas, mai faɗin baki da saurin fushi, kamar ƙanen giwan ruwanmu. Ba a sa masa tsutsa, ɗan kifin roba ake jefa masa ana ja yana rawa, shi kuwa ya kai masa cafka. Suna dawowa da sandunansa marasa nauyi, da wata irin makina da ke zama a saman sanda, wadda kwarkwaronta ke juyawa da kansa in an yi jifa. Saitinta sai wanda ya sani. Za ka ɗaura kifin robar, ka ɗaga sanda, ka saki, ka riƙa murɗa ɗan maɓallin gefe har ya zama yana sauka a hankali, kuma yana taɓa ƙasa kwarkwaron ya tsaya cak. In ka sassauta da yawa, jifa ɗaya zare zai hargitse kamar kan da bai ga mataji ba. In ka matse, jifan ba zai wuce inuwarka ba. Kuma in ka canja kifin roba da wani mai nauyi daban, sai ka sake saitin daga farko. Matsalar ita ce yawancin waɗannan makinonin don ruwan daɗi aka ƙera su, masu su kuwa tekun gabas suke kai su, mai gishirin da ko mota yana ci.

Akwai wanda ya zo mini yana huci, wai zaren da na naɗa masa ruɓaɓɓe ne, kifi bayan kifi yana tsinke masa. Na ja zaren da hannu, lafiyarsa ƙalau. Na ɗauki auduga na riƙa zura ta cikin zobban da ke jikin sandar ɗaya bayan ɗaya. A na can baki, audugar ta bar gashi. Zoben ya tsage, tsagar da ido ba ya gani, ita ke yanka zaren kamar reza duk lokacin da kifi ya ja. Na tambaye shi ko yana maƙala ƙugiya a zoben in ya gama, ya ce kowa ma haka yake yi. To kowa ɗin yana ɓata sandarsa. Haka masu barin kaya a but ɗin mota tsakiyar bazara. Zafin Riyad yana narkar da gam ɗin zobba, yana busar da zare har ya riƙa karyewa kamar taliya. Su bar ta ta dahu a mota, sannan su zo su ce hannuna ne.

Sai birki, wanda shi ne ran makina. Wasu 'yan faya-fayai ne a ciki da ke matse kwarkwaro, don in kifi ya fizga da ƙarfi zare ya fita a hankali maimakon ya tsinke. Ɗan koyo yana ɗaure shi tam, wai kada kifi ya gudu, shi ya sa kifin ke tafiya da ƙugiyarsa. Ni ba na miƙa makina sai na ɗaure gorar ruwa a bakin zare na ɗaga. In zaren ya fita sumul, ba fizga ba tsayawa, ta yi. In ya yi gargada, sai in sake buɗewa, ko da mai ita yana tsaye yana buga ƙafa. Kuma kowa na sallama sai na gaya masa yadda ake wanke ta in an dawo daga teku: a ɗaure birkin, a goge jikinta da tsumma mai ɗan ruwan daɗi, a shanya a inuwa, sannan a sassauta birkin a ajiye. Ba a tsoma ta, ba a watsa mata ruwa mai ƙarfi. Na faɗi wannan da Larabci, na faɗa da guntun Turancina, har bakina ya gaji.

A cikin duk masu kawo mini aiki babu kamar Abu Turki. Babban mutum ne, ya yi aikin gwamnati ya aje, yana da zafin rai amma ba ya ƙarya kuma ba ya son a yi masa. Yana da wata makinar bas 'yar ƙarama, koriya, wadda ya zo da ita daga Amurka tun yana saurayi. An daina ƙera irinta. Jikinta wani ƙarfe ne mara nauyi da gishiri ke ci kamar gara. Na sha gaya masa ya daina kai ta teku, ya ce hannunsa bai san wata ba. Saboda haka muka yi yarjejeniya: duk dawowar da ya yi, ta kwana biyu a wurina. Shekara da shekaru muna haka, ko ɗigon tsatsa bai taɓa fito mata ba. Shi ya riƙa kawo mini abokansa, yana ce musu, "Wannan baƙin mutumin, ku ba shi makina ku tafi ku yi barci."

Muguwar shekarar ita ce wadda ta biyo bayan annobar nan da ta rufe gari. Ana buɗe hanya, duk wanda ya gaji da zaman gida ya nufi teku, aiki ya yi mini yawa har ina hana kaina hutun rana. Sai makinoni suka fara dawowa. Wadda na gyara watan jiya, a kawo ta tana ƙara kamar injin markaɗe. In buɗe, in tarar da boris sun yi ja da tsatsa, man da na shafa babu shi, gishiri ya yi fari a wuraren da ruwa ba ya kaiwa ko an yi ruwan sama a kanta. Birki kuwa sai santsi da fizga. Na canja mai, na canja wurin sayen boris, na zargi idona har na je aka gwada shi. Abin bai tsaya ba. Kuma abin haushin, masu gyara a wasu shagunan ba su ga irin wannan ba, sai ni.

Magana ta fara yawo. Waɗannan mutanen a waya suke da zaurensu, in ɗaya ya yi tari duk sun ji. Aka ce mu'allim Tahir ya tsufa. Aka ce yana cire boris na asali yana sa na banza. Ni da ban taɓa ɗaukar ko ƙusa guda ta wani ba! Wata safiya Abu Nasir ya kira ni bayan kanta ya ce, "Ya Tahir, ni ban ce ka ci amana ba. Amma sunan shagona ake ja a ƙasa. In wani babban mutum ya sake kawo ƙara, halas, shi ke nan, zan naɗe teburin. Sauran kuma sai lokacin sabunta iƙama mu gani."

Hancina ne ya fara gano bakin zaren. Wata makina da aka dawo da ita, ina buɗewa na ji warin dizal, da wani ƙamshi-ƙamshi kamar na man da ake goge gaban mota da shi. Nan take wuri ɗaya ya faɗo mini a rai. Akwai wata magsala, wurin wankin mota, a bakin hanyar shigowa daga gabas, inda mutanen garinmu suka cika. Babbansu Lawali, ƙanen abokina ne, tare muka yi wasan ruwa da yayansa a tafki. Kun san al'adarmu a nan, in kana da hanya sai ka jawo wa naka. Duk wanda ya yi mini kukan motarsa na warin kifi, can nake tura shi, in ce ya tambayi Lawali.

Ranar Asabar da hantsi, lokacin da masu teku ke dawowa, na nemi izini na tafi can. Ban yi sallama ba, na tsaya daga gefe. Wata babbar mota tana kan rami, mai ita yana ɗakin jira yana shan shayi. An fito da kayan but an jera a ƙasa, akwatin ƙanƙara da kujeru da sanduna. Sai ga Lawali da bindigar ruwan nan da ke ɓamɓare laka daga ƙarƙashin mota. Ya taka sandar da ƙafa don kada ta gudu, ya saita bakin bindigar a kan makina, ya sakar mata. Kwarkwaron ya riƙa juyawa yana kuka. Da ya gama ya ɗauko gorar dizal ya fesa mata ta kowace kafa, ya bi da man goge mota, ya murza da tsumma har tana ƙyalli. Ruwan nan ba wanke gishiri yake ba, tura shi yake can cikin boris. Dizal ɗin ya narkar da maina ya jiƙa birki. Aikin da na yi da hantsaki ina riƙe numfashi, shi aka taka da takalmin roba.

Na ce, "Lawali! Uban wa ya sa ka wannan?"

Ya juyo da fara'arsa. "A'a, Yaya Tsahiru, yau kai ne da kanka? Ai kyauta muke yi musu, saboda kai. Duk wanda ya ce kai ka turo shi, sai in ce ni ƙanen mu'allim ne, mu ma mun san kan abin. Ka ga yadda ta fito kamar sabuwa?"

"Tun yaushe?"

"Tun da aka buɗe hanya. Mi ya faru? Ba haka ake yi wa injin ban ruwa a gida ba?"

Na ja shi bayan bango na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na gaya masa abin da ake faɗa a kaina, da abin da Abu Nasir ya ce. Jikinsa ya yi sanyi, amma ba don ni ba. Ya kama hannuna ya ce, "Yaya, don girman Allah kada ka hwaɗi. Ka san takardunmu. Ni iƙamata ta makiyayi ce, wancan ta direban gida, wasu ma tasu ta mutu. In wani mai ƙarfi ya kawo hukuma nan, tarhil za a kwashe mu gaba ɗaya." Tarhil kun san shi, inda ake tara mutum kafin a sa shi a jirgi da rigar jikinsa. Na dubi waɗanda ke wurin. Babu wanda ban san uwarsa ba. Na ce su daina daga yau, ko tsinken fatsa suka gani a mota kada su taɓa. Suka yi rantsuwa, kuma sun daina. Na koma ina cewa a raina abin zai lafa a hankali, sunana ya dawo.

Ashe an riga an yi ɓarnar da ta fi duka. Abu Turki ya dawo daga teku a gajiye, ya ba direbansa mota ya kai wanki wurin su Lawali, shi kuma ya yi tafiya ƙasar waje ya daɗe. Koriyar makinar ta yi ta zama a but da gishiri da dizal a cikinta. Ranar da ya kawo ta, hannunta ko motsi ba ya yi. Na buɗe a gabansa da gaban Abu Nasir. Cikin ya zama gari-gari, ƙarfen yana marmashewa a kan tawul. Ba abin da za a gyara. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗauki murfin ya kai hanci.

Ya ce, "Wannan dizal ne. Ya Tahir, na san warin manka kamar yadda na san warin gidana. Wannan ba aikinka ba ne. Wani ya taɓa ta. Ka faɗa mini ko waye, wallahil azim yau ɗin nan zan sa a rufe wurinsa, a bincike shi har takardar haihuwarsa. Kai kuma in tsaya a gaban kowa in wanke ka."

Abu Nasir ya ce, "Yalla, ya Tahir, faɗi. Ka ji dai."

Kalma ɗaya ce tsakanina da teburina. Kuma ba ƙarya zan yi ba, gaskiya zan faɗa. Na san yana iya abin da ya ce, don na ga irin mutanen da ke tashi tsaye in ya shigo. Direbansa ma bai san komai ba, yana can yana waya lokacin da aka yi abin, don haka in ban faɗa ba babu mai faɗa.

Na ce, "Ni ne, ya Abu Turki. Maina ya ƙare a lokacin, na wanke ta da dizal, na manta ban sake shafa mata ba."

Ban taɓa furta magana mai ɗaci irin wannan ba. Da cewa na yi na sace ta, da ya fi mini sauƙi. Dizal! Ni da Ammu Salim ya horar, in tsaya da bakina in ce na zuba wa makina dizal. Abu Turki ya dube ni, ya sake dubana. Bai yi ihu ba, bai zage ni ba, ya ƙi karɓar ko sisin diyya da Abu Nasir ya yi masa tayi. Ya tattara gutsattsarin a cikin hankicinsa ɗaya bayan ɗaya, ya sa a aljihu. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ni na kawo maka mutane." Ya fita. Ban sake ganinsa ba.

A makon nan aka naɗe teburin, aka jera buhunan gawayi a wurin. Abu Nasir bai kore ni ba, Allah ya saka masa, ya sabunta mini iƙama ya mayar da ni kan sayar da gawayi da tukwanen gas. Manyan makinoni yanzu Dammam ake aika su. Ni abin da ya rage mini su ne na 'yan Filifin da Indiyawa masu kama karfasa a Wadi Hanifa ranar hutu, su nake gyarawa a ɗaki a kan gwiwata, kuma har yau ba na miƙa ko ɗaya sai na ɗaga gorar ruwa da ita. Ba na nadamar abin da na yi. In aka sake tsayar da ni a wurin, haka zan sake faɗa. Amma kada wanda ya ce mini in daina jin haushi.

Juma'ar da ta biyo bayan naɗe teburin, mutanen magsala suka zo ɗakinmu cin abinci kamar yadda aka saba. Babu wanda aka kama, babu wanda ya rasa aikinsa. Aka aje tire, muka kewaye shi. Wani ya ba Lawali labarin abin da ya faru a shagon, tun daga shigowar Abu Turki har fitarsa. Ina jira in ji abin da zai ce. Ya dunƙula loma ya kai baki, ya tauna, ya girgiza kai.

Ya ce, "Allah ya kyauta. Amma Larabawan nan da ban mamaki suke. Yanzu duk wannan tashin hankalin a kan ɗan abin wasan kama kihi? Kai ma Yaya ka huta, ai gawayi ya fi sauƙi."

Na cire hannuna daga tiren, na tashi na wanke shi. Lawali yana nan a garin nan, muna gaisawa a masallaci, in ba shi da lafiya ina zuwa duba shi. Amma daga ranar ban sake sa hannu a kwano ɗaya da shi ba.